Ayyukan garka a ƙarshen damana: yadda suke bambanta daga wani yankin yanayi zuwa wani

0. Gabatarwa

Tsakanin tsakiyar watan Agusta da ƙarshen watan Satumba hankalin mutanen karkara yana kan gona. Hatsi ya fidda kai ana jiran ya nuna, rumbu kuwa ya ƙare ko ya kusa. Ba a cika zancen garka ba a wannan lokaci, domin ana ɗaukarta aikin rani. Amma duk wanda ya zauna da masu garka ya san cewa abin da za a ɗiba a watan Janairu ko na Maris tun cikin waɗannan makwanni shida ake shirya shi. Wanda ya makara da zuba iri yana iya ganin tomatinsa ya yi fure ya zubar cikin zafin bazara. Wanda ya yi gaggawa kuma ruwan sama ya kashe masa tsiro tun a wurin reno, bayan ya ci bashin kuɗin iri.

A cikin wannan ƙasida za mu bayyana ayyukan da mai garka ke yi a ƙarshen damana, da dalilin da ya sa suke bambanta tsakanin Gaya, Madawa, Tabalak da Timiya alhali kuwa kwanan watan ɗaya ne. Abin da muke so mu nuna shi ne, kowane yanki yana da wa'adin da yanayi ya ɗibar masa, kuma daga wannan wa'adi ake lissafi a dawo baya har a samu ranar da ya kamata a soma aiki. Za mu fara da kalmomi, mu kawo ƙa'idar lissafin, mu duba ƙasashen sanyi a taƙaice don daga can yawancin iri da littattafai suke zuwa, sa'an nan mu bi yankunan Nijar daga kudu zuwa arewa.

1. Matsalar kalmomi

Littattafan aikin lambu da ake bugawa a Faransa, da bayanin da ke jikin gwangwanin iri, suna raba shekara gida huɗu, suna kuma jera ayyukan lokacin da suke kira «fin de l'été». Mai fassara da ya mai da «été» rani ya yi kuskure, don a watan Agusta ruwa ake yi a ƙasar Hausa. In ya ce bazara, ya kama zafin ya saki watan. In ya ce damana, ya kama watan ya saki ma'anar, saboda abin da ke bin bayan «été» sanyi ne mai tsai da tsiro, abin da ke bin bayan damana kuwa sanyi ne wanda albasa da tomati da shu suke nema.

Hausa tana da nata kalmomi na wannan tsakani. Marka ita ce tsakiyar damana, lokacin da ruwa ke sauka a kai a kai, gajimare ya rufe rana, galibi cikin Agusta. Agazari shi ne zafin nan mai gumi da ke zuwa in ruwa ya fara janyewa. Daga nan sai kaka, sai ɗari. Saboda haka abin da muke nufi da ƙarshen damana a nan shi ne daga janyewar marka zuwa shigowar kaka.

Kalmar garka, jam'i garake, muna amfani da ita kamar yadda aka saba a Nijar, wato fili mai shinge da ake ba ruwa da hannu ko da inji. A Kano an fi cewa lambu. Noman rani kuwa shi ne abin da hukuma ta kira «cultures de contre-saison», wanda gwamnatin Seyni Kunce ta ba ƙarfi bayan farin 1984. Sunan yana sa a zaci aikin yana farawa ne bayan an kai hatsi gida. Garaken Abzin da albasar Galmi sun girmi wannan suna nesa ba kusa ba, kuma masu su ba su taɓa jiran rani kafin su soma ba.

2. Ƙa'idar lissafi da baya

Mai garka yana bukatar sanin abubuwa uku: kwanakin da tsiro ke yi a wurin reno, kwanakin da yake yi daga dashe zuwa ƙarshen ɗiba, da ranar da yanayin wurinsa zai daina yi wa shukar daɗi. Na ukun shi ne wa'adi. In aka haɗa na farko da na biyu, aka ɗebe su daga wa'adin, an samu ranar ƙarshe ta zuba iri.

Misali na farko, tomati a Maraɗi. Yana yin wajen kwana 30 a reno, kwana 60 zuwa 70 daga dashe zuwa ɗibar farko, sa'an nan a yi ta ɗiba kamar wata biyu. Jimla ta kusa kwana 150. Furen tomati ba ya ƙulla ɗa da kyau in zafin rana ya wuce digiri 35 dare kuma bai yi sanyi ba, wanda haka yake a Maraɗi daga tsakiyar Maris. In muka ɗebe kwana 150 daga 15 ga Maris, mun faɗo a kan 16 ga Oktoba. Ke nan wanda bai zuba iri ba kafin tsakiyar Oktoba ya rage wa kansa kwanakin ɗiba. Kafin a zuba iri kuwa sai an gyara wuri, an samu taki, an tabbatar da ruwa, wato aikin Satumba.

Misali na biyu, albasa a Madawa. Tana yin wajen kwana 45 a reno, da kwana 110 ko kusa da haka bayan dashe. Irin da aka zuba ranar 1 ga Satumba za a dasa shi tsakiyar Oktoba, a cire albasa farkon Fabrairu, kafin kasuwa ta cika. Wanda aka zuba ranar 1 ga Nuwamba sai farkon Afrilu, lokacin da kowa ke cirewa, farashi ya faɗi. A nan wa'adi biyu ne suke aiki tare, na yanayi da na kasuwa.

Waɗannan alƙaluma suna motsawa da nau'in iri da ƙasa da shekara. Hanyar lissafin ita ce ba ta canzawa, kuma da ita za mu auna kowane yanki.

3. Ƙasashen sanyi

A arewacin Faransa da Beljiyam da Jamus, da arewacin Amurka, wa'adin mai lambu shi ne daren farko da raɓa za ta daskare, wanda a wurare da yawa yake faɗowa cikin Oktoba ko farkon Nuwamba. Dare ɗaya irin wannan ya isa ya kashe tomati da tattasai da kabewa. Shi ya sa aikinsu na ƙarshen Agusta yake kama da rufe shekara. Suna cire albasa da dankalin Turawa su shanya don ajiya. Suna tsinke kan tomati don ya daina sabon fure, ƴaƴan da ke jikinsa su samu su nuna. Suna shuka ganyayen da ke jure sanyi masu saurin isa, kamar alayyahon Turawa da salatin sanyi. In shuka tana bukatar kwana 45, sukan ƙara mata kamar sati biyu don yini yana raguwa, tsiro yana jinkiri, sai lissafi daga tsakiyar Oktoba ya komo tsakiyar Agusta. Filin da ya rage kuma su watsa masa ciyawar da za a turbuɗe ta zama taki. A bakin tekun Bahar Rum, inda fari yake zuwa da zafi, ruwa kuma da sanyi, mai lambu yana jiran ruwan farko na Satumba ko Oktoba ne ya buɗe sabuwar shuka, don haka ya fi kusa da mu.

A Amurka ana aiki da taswirar da ma'aikatar noma ta ƙasar ta fara fitarwa a 1960, ta sabunta ta sau da dama, na baya-bayan nan a 2023. Taswirar tana da yankuna 13, kuma ma'auninta guda ne, wato sanyi mafi tsanani da wuri ke gani a shekara. In aka ɗora wannan ma'auni a kan kudancin Nijar, Gaya da Tawa za su faɗa kusan layi ɗaya, alhali ruwan da Gaya ke samu ya ninka na Tawa.

Akwai kuma tsawon yini. Albasar arewacin Turai ba ta yin kai sai yini ya kai awa 14 ko fiye. A layin Maraɗi da Tawa yini mafi tsawo wajen awa 13 ne kawai. Wanda ya sayi irin wannan albasa zai samu lawashi ba kai, ko da ya bi kalandar gwangwani daidai. Albasar Galmi da makamantanta na gajeren yini ne, shi ya sa suka karɓi ƙasar.

4. Yankunan yanayi na Nijar

An saba raba ƙasar gida huɗu bisa ga ruwan shekara: yankin Sahel-Sudan mai milimeta 600 zuwa 800, kashi 1 cikin 100 na faɗin ƙasa, yankin Sahel mai 350 zuwa 600, kashi 10, yankin Sahel-Sahara mai 150 zuwa 350, kashi 12, da yankin Sahara mai ƙasa da 150, kashi 77. Za mu ƙara bakin koguna a matsayin kaso na biyar, domin ruwansu ba ya bin damanar wurin.

4.1. Sahel-Sudan: Gaya da dallolin kudu

A Gaya ruwa yana farawa tun Mayu, yana kaiwa farkon Oktoba. A ƙarshen Agusta damana tana da sauran ƙarfi, fadamun Dallol Mawri da Dallol Foga sun cika, ciyawa ta fi ƙarfin hannu. Matsalar mai garka a nan yawan ruwa ce. Aikinsa na farko shi ne buɗe hanyar ruwa don kada ya kwanta a gindin rake da rogo da dankali, da ɗaga kunya inda ta zube. Na biyu shi ne ɗibar kayan damana, wato kuɓewa, yalo, yakuwa, rama da lalo. Kuɓewa tana son a bi ta duk bayan kwana biyu ko uku, in ba haka ba ta tsufa, uwar kuma ta rage haihuwa. Shanya tana da wuya saboda laimar iska, don haka abin da aka yanka a ranar da ba rana yana iya yin funfuna kafin ya bushe.

Wurin reno a wannan yanki sai a kan tudu. Wanda ke da fadama kawai gara ya jira ƙarshen Satumba. Jinkirin ba ya cutar da shi sosai kamar yadda zai cutar da na arewa, don ruwan ƙasa yana kusa kuma yana daɗewa. Abin da ya kamata ya riƙe shi ne, sanyin Gaya bai kai na Tawa tsawo ko ƙarfi ba, saboda haka shukar da ke son dare mai sanyi, irin dankalin Turawa da shu, ba ta da wadatar kwanaki. Wa'adinsa biyu ne: ranar da fadama za ta tsane a iya shiga, da ranar da zafi zai dawo.

4.2. Sahel: Adar, Gobir, Katsinar Maraɗi da Damagaram

Nan ne mafi yawan garaken ƙasar Hausa ta Nijar suke: kwarin Tarka wajen Madawa, kwarin Magiya wajen Galmi da Ƙonni, Gulbin Maraɗi, da Korama a kudancin Damagaram. Ruwa yana ɗaukewa cikin rabin Satumba na biyu, agazari ya biyo baya har cikin Oktoba, sanyi ya sauka a Nuwamba, zafi ya dawo a Maris, ya wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu. Watannin da kayan garka ke jin daɗi huɗu ne ke nan, kuma duk aikin ƙarshen damana na neman shiga waɗannan watanni ne da tsiron da ya riga ya kafu.

Babban aiki shi ne renon fari. Tsiron da aka zuba a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba yana da abokan gaba uku. Na farko ruwan sama mai ƙarfi, wanda ke tone iri ya kwantar da tsiro. Na biyu ruɓewar gindi, wadda ƙwayoyin cuta na cikin ƙasa ke haddasawa in laima da zafi suka haɗu. Da safe a tarar tsiro ya kwanta layi-layi, gindinsa ya sirance kamar zare. Na uku ƙwari. Maganin biyun farko ɗaya ne. A ɗaga fangali sama da ƙasa da santimeta 15 zuwa 20, faɗinsa kada ya wuce mita 1 don hannu ya kai tsakiya ba a taka ba. A ƙona kara ko ciyawa a kansa kafin shuka. A zuba iri a layi, da tazarar santimeta 10 zuwa 15, zurfi kamar santimeta 1, kada a cika shi. A kafa ƴar rumfa ta zana wadda za ta karya ƙarfin ruwa, a riƙa buɗe ta da safe, a cire ta gaba ɗaya kwanaki kaɗan kafin dashe don tsiro ya saba da rana. Ban ruwa da safe ya fi na yamma a wannan lokaci, don ganye ya kwana a bushe.

Dangane da ƙwari, ƙarshen damana lokaci ne da ciyawar daji ke bushewa, fara da sauran masu cin ganye su komo inda ya rage kore. Farin ƙuda, wanda ke ɗauke da cutar nannaɗewar ganyen tomati, yana da yawa a wannan tsakani, kuma tsiron da ya kamu tun a reno ba ya warkewa. Rufe fangali da yadi mai ƙananan idanu irin na gidan sauro ya fi feshi amfani a nan. Akwai kuma tsutsar tomati da masana ke kira Tuta absoluta, ƴar asalin Amurka ta Kudu, wadda ta shiga Sifen a 2006, ta bazu a Afirka, ta yi mummunar ɓarna a arewacin Najeriya a 2016. Tana ɓuya cikin tsofaffin itatuwan tomati da yalo da aka bari a fili. Cire su a ƙona kafin sabon reno aiki ne na Satumba. Kazalika kada a yi reno inda aka noma kuɓewa ko tomati ko yalo da damana, don tsutsar saiwa mai sa ƙulli a jijiya tana cin su duka ukun.

Albasar fari tana da nata sharaɗi. In ta girma sosai kafin tsakiyar ɗari, wani kaso nata yana fidda fure maimakon ya cika kai, kuma albasar da ta yi fure ba ta ajiyuwa. Saboda haka ana nomanta don sayarwa nan take. Ta ajiya ita ce ta Nuwamba. A daidai wannan lokaci kuma mai rudu, wato rumbun albasa na Adar, yana da aiki a ciki: laimar Agusta tana ruɓar da albasar da aka ajiye tun Afrilu, sai an riƙa tsince ruɓaɓɓu, a sayar da sauran yanzu da take da tsada, a ware masu kyan kai da launi waɗanda za a binne cikin Oktoba ko Nuwamba don su ba da irin baɗi.

Karoti ba a dasa shi, salati kuma yana yin tsawo ya yi ɗaci cikin zafi, don haka su biyun suna jiran agazari ya sauka. Dankalin Turawa yana jiran Nuwamba. Abin da ake yi musu a Satumba shi ne tanadin fili da neman iri.

4.3. Sahel-Sahara: tabkuna da kwaruruka

Daga arewacin Tawa zuwa Abalak, arewacin Dakoro, Tanut da Gure, ruwa yana ɗaukewa tun farko ko tsakiyar Satumba. Wa'adin mai garka a nan shi ne ranar da ruwa zai ƙare masa. Tabki irin na Tabalak yana kai iyakar cikarsa a ƙarshen damana, daga nan ya riƙa ja da baya. Manomi yana bin sawunsa, yana shuka wake, kabewa, dankali ko tomati cikin danshin da ruwa ya bari. Aikin Satumba shi ne duba inda ruwa ya tsaya bana, a kwatanta da bara, a yanke girman filin da za a iya riƙewa har ɗiba. In tabki bai cika ba, hikima ita ce a rage fili a zaɓi shuka mai gajeren zango. Wanda ya shuka fiye da ruwansa yana iya rasa duka a watan Fabrairu, bayan ya gama kashe kuɗi.

Wannan yanki ƙasar kiwo ce. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, dokar kiwo ta 2010 kuma ta tabbatar da ita. Tabkin da mai garka ke bi shi ne mashayar dabbobi in suka fara gangarowa kudu. Barin burtali a buɗe da kafa shinge mai ƙarfi tun kafin shuka ta fito su ne ke hana rigimar da ake yi kowace kaka.

A kwarurukan Gure da Maine-Sorowa ruwan ƙasa yana kusa, amma yana da kanwa. Ruwan sama yana wanke ta ƙasa, rana kuma ta jawo ta sama in rani ya yi nisa. Ƙarshen damana shi ne lokacin da ƙasa ta fi sauƙin gishiri, don haka shuka da wuri tana da riba biyu.

4.4. Sahara: Abzin da Kawar

Agadas tana samun abin da bai wuce milimeta 150 ba a shekara, amma duwatsun Abzin suna tara ɗan ruwan da ya sauka tsakanin Yuli da Satumba su tura shi cikin korama. Koramar tana gudu na ƴan awoyi, ta shayar da rairayin da rijiyoyin Timiya da Tabelot da Iferwan suke sha. Mai garka yana ƙirga sau nawa ta yi gudu bana, ya duba inda ruwan rijiya ya hau, da haka yake auna filin ɗari. Korama ɗin kuma ita ce haɗarinsa, don tana cin gaɓa, ta cika rijiya da yashi. Ambaliyar da ta faɗa wa garin Agadas a farkon Satumba na 2009 ta koramar Telwa ce. Gyaran gaɓa da dutse da yashe rijiya su ne aikin farko. A da ana jan ruwa da sa ko raƙumi ta hanyar da Abzinawa ke kira tekarkart; yanzu inji da hasken rana sun karɓi wuri mai yawa, abin da ya sa ruwan ƙasa yake saurin sauka.

Saboda tsawon wurin da ƙarancin laima, Abzin tana iya noman albasa da damana, wanda yake da wuya a kudu. A ƙarshen Agusta albasar tana cika kai, ana cirewa daga wajen Oktoba, lokacin da rudun Adar ya ƙare sabuwa kuma ba ta fito ba. Wa'adinta na kasuwa shi ne ta isa Yamai da ƙasashen gaɓar teku kafin ta fari ta Madawa. Bayan ita sai a shirya filin alkama, tafarnuwa, tomati da dankalin Turawa. A kan dutsen Bagzan, wanda ƙololuwarsa ta wuce mita 2000, raɓa tana iya daskarewa cikin Disamba da Janairu. A nan lissafin ƙasashen sanyi yana da wurin zama.

A Kawar, wajen Bilma, ruwan sama ba ya shiga lissafi, maɓuɓɓuga da rijiya ake sha. Ƙarshen damanar kudu ya yi daidai da ɗibar dabino, wanda ake tanada don ayarin gishiri da ke isowa daga Oktoba. Ƙananan fangalin da ke ƙarƙashin dabino suna jiran zafi ya sauka.

4.5. Bakin koguna

Kogin Kwara yana cika sau biyu a Yamai. Na farko cikin Agusta da Satumba, da jan ruwa mai laka wanda Sirba da Dargol da Gorwol ke kawowa daga gefen Burkina Faso. Na biyu tsakanin Disamba da Fabrairu, da ruwan da ya taso tun daga Gine. Cikar farko ce ta yi ɓarna a 2012 da 2020, ta tafi da garake masu yawa. Mai garkar bakin kogi yana yin reno a tudu, kuma ba ya dasawa a ƙasan gaɓa don ya ga ruwa ya ja a Oktoba, tunda ya san zai dawo.

A Difa, Komadugu tana kawo ruwan Haɗeja da Jama'are, tana isowa wajen Yuli, ta kai iyakarta a ƙarshen shekara. Tattasan Difa ana dasa shi cikin rabin damana na biyu, don haka a Satumba aikin ya riga ya yi nisa: cike gurbin da ya mutu, noma, da ɗaga ganuwar ƙasa, domin ambaliya a nan bayan ɗaukewar ruwan sama take zuwa, kamar yadda aka gani a 2019 da 2022.

5. Ayyukan da suka haɗa yankunan duka

Gwajin iri. Irin albasa ba ya wuce shekara guda da ƙarfinsa, musamman in ya sha zafin bazara da laimar damana. A ƙirga ƙwaya 100, a naɗe cikin tsumma mai danshi, a duba bayan kwana 10 zuwa 12. In waɗanda suka tsiro ba su kai 70 ba, a ƙara yawan zubi ko a nemi wani. Irin gwangwani mai alamar F1 ba a ajiye ƴaƴansa don baɗi, don ba sa fitowa kamar uwarsu.

Taki. Ramin taki yana bukatar wata biyu zuwa uku, da juyawa da ɗan ruwa, kafin ya ruɓe. Wanda za a zuba a Nuwamba sai an haɗa shi a ƙarshen Agusta, lokacin da ɗanyar ciyawa take ko'ina. Ɗanyen kashin dabba yana ƙona tsiro, yana kawo irin ciyawa, yana kiran gara.

Rijiya da inji. Ruwan da ake gani a rijiya cikin Satumba shi ne mafi tsawo a shekara. Da na Maris ɗin bara ya kamata a yi lissafi. Injin da ya kwana damana a ɗaki a gwada shi tun yanzu.

Hannu da kuɗi. Duk waɗannan ayyuka suna faɗowa ne lokacin da hatsi ke neman a yanke shi, aljihu kuma ba kome. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda ba shi da abin sayen iri da mai yakan karɓa wurin ɗan kasuwa bisa sharaɗin zai sayar masa da amfanin, ta haka ribar shukar fari take komawa hannun wani. Wannan ne ya sa mutane da yawa da suka san lissafin sarai suke makara duk shekara.

6. Kammalawa

Mun ga cewa watan Satumba ɗaya yana sa mutumin Gaya fidda ruwa daga fili, na Madawa kare tsiro daga ruwa, na Tabalak auna sauran ruwa, na Timiya kuma gyaran abin da ruwa ya ɓata. Bisa ga haka, takardar koyar da aikin garka da aka rubuta ko aka fassara da Hausa ya kamata ta faɗi yankin da take nufi tun a layin farko, ta faɗi wa'adin wannan yanki, ta ba da kwanakin reno da na girma maimakon sunan wata kawai, ta kuma haɗa sunan wata da na lokaci, kamar a ce farkon Satumba, bayan marka. Kalandar da ba ta faɗi inda aka yi ta ba tana iya sa manomi asarar irin shekara guda. Sauran aiki shi ne a bi kwari-kwari a tattara kalmomin da masu garka da kansu suke kiran waɗannan lokuta da ayyuka, domin abin da ake faɗi a Adar ba lalle ne ya zama shi ake faɗi a Damagaram ba.